Yadda Hannun Yaya Ya Koma Kitso

Hannun ya warke, godiya ta tabbata ga Allah. Na fara da faɗin haka ne don wanda ke da mai karaya a gida ya karanta sauran da kwanciyar rai. Amma mun yi kurakurai a hanya, wani na rashin sani, wani na tsabar ƙauna, wani kuma na kunya, shi ya sa na ga bai kamata in bar labarin a cikina ni kaɗai ba.

Mai hannun mahaifiyata ce. Yaya nake kiranta, domin ni 'yar fari ce, kuma tun da aka yaye ni aka kai ni gidan kakata a Lajawa, inda na tashi ina jin ƙannenta suna kiranta haka. Sai da kakata ta rasu na dawo gidanmu na Wudil, na riga na zama budurwa. Yaya jinin Fulani ce, kunyarta kuma ba ta wasa ba ce. Sunana Zulai, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba. In tana son ruwa, sai ta kalli randa ta ce, "Wai babu kowa a gidan nan ne?" In na gaishe ta, bango take amsa wa. Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba, don na sha tarar da ƙosai mai zafi a rufe a bakin ƙofar ɗakina, ba wanda ya ce shi ya ajiye.

Abu ɗaya ne yake ɗan sosa min rai. Yaya makitsiya ce, kuma duk unguwarmu babu kamarta. Har daga ƙauyuka mata suke zuwa su yi layi a inuwar ɗakinta. Nakan zauna nesa kaɗan da littafi a hannu, ba karatun nake ba, yatsunta nake kallo suna gudu a kan mutane kamar ruwa a kwari. Ni kuwa kaina ba ta taɓa taɓa shi ba. In ya tsufa, gidan maƙwabta ake tura ni.

A daminar shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula abin ya faru. Hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bangon gidanmu ba, ni kuma na gama kwalejin horon malamai ina zaman jiran a ɗauke ni koyarwa. An yi ruwa da hantsi, Yaya ta fito da sauri za ta kori akuya daga kan tsaki, ta taka gansakuka a bakin makwarara. Da hannun dama ta tokare ƙasa. Daga ɗaki na ji ƙarar, kamar an karya ɗanyen kara. Salati kawai ta yi, ta zauna ta riƙe hannun, wuyan hannun ya gantsare kamar bayan ludayi.

Kafin Baba ya dawo daga wurin aiki, maƙwabta sun aika an ɗauko mai ɗori daga Ɗankaza. Ba zan zagi masu ɗori ba, na san mutanen da suka miƙe a hannunsu. Amma wannan ɗaurin ya matse. Cikin 'yan kwanaki yatsun suka kumbura, suka yi duhu, suka yi sanyi kamar an tsamo su daga randa. Ban iya tambayarta ba, ita ma ba za ta faɗa min ba, sai na tari Baba a zaure na ce masa tsoro nake ji. Washegari ya ɗauki mota muka tafi wani asibiti a birni. Aka kwance kararen ɗorin, aka ɗauki hoton ƙashi, aka gyara, aka sa mata siminti daga ƙasan gwiwar hannu har gindin yatsu. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri, da wata maganar ake yi.

Inna Larai, ƙanwar Yaya, ta taho daga Dagumawa don jinya. Mace ce mai surutu da saurin kuka, kuma tana son yayarta kamar ranta. Ita ke ba ta abinci a baki, ita ke ɗaura mata zani, ko ƙuda ya sauka ita ke kora. Hannun kuwa aka rataye shi a wuya da gyale kamar jariri, ba a yarda ko yatsa ya motsa ba. 'Yan dubiya kuma kowa da tasa. Wata ta ce romon ƙafar saniya kullum, wata ta kawo kitsen damo a kwalba. Wata tsohuwa ta rantse cewa in Yaya ta ci miyar kuɓewa ƙashin zai yi santsi ya ƙi haɗuwa, sai gidanmu ya koma miyar kuka har muka fara mafarkinta. A cikin duk shawarwarin nan, da na gida da na asibiti, babu wanda ya ce mana ta riƙa motsa yatsu da kafaɗa. Wannan ƙorafin har yau yana raina.

Da aka cika kamar wata ɗaya da rabi aka yanke simintin. Abin da ya fito ban gane shi ba. Hannun ya rame, fatar tana saɓa, yatsun sun lanƙwashe rabi sun tsaya a nan kamar ƙafar kaza. Da muka dawo gida Yaya ta ɗauko kibiyar da take tsaga da ita, ta sa tsakanin yatsunta. Kibiyar ta zame ta faɗi kan tabarma. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce wa iska, "To, shi ke nan."

Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba.

Likita ya riga ya ce ƙashi ya haɗe, sauran aikin na sashen gashin ƙashi ne. Sashen yana can bayan asibitin, ƙarƙashin wata babbar darbejiya. Mukan bar Wudil bayan sallar asuba, mu haye gada masunta suna jefa birgi a ruwan da bai gama farkawa ba, amma duk sammakonmu sai mun tarar da benci a cike: masu shanyewar ɓarin jiki, yara masu sanduna, wani direba da hannunsa ya maƙale a ƙofar mota. A ranar farko sai bayan azahar aka kira katinmu.

Wadda ta karɓe mu Hajiya Falmata ce, gajeriya, da tsagen Barebari a fuska da farar riga a kan lafaya. Ta dubi katin, ta dubi doguwar fuskar Yaya, ta tafa hannu.

"Yau baiwata ta kawo kanta har gida. Zauna, Bafulatana, ina shanun?"

Yaya, da rabonta da dariya tun ranar faɗuwa, ta gyara gyale ta ce, "Babarbariya ce za ta taɓa min hannu? Ashe ƙarshensa ne ya zo."

Wasan Fulani da Barebari tsoho ne, amma ban taɓa ganin ya zama magani ba sai ranar. Cikin tsokanar nan Hajiya ta yi duk awonta. Ta ɗora hannayen biyu a kan tebur ta kwatanta su. Ta ɗauko wani ma'auni na roba mai buɗewa kamar almakashi ta auna iya inda wuyan hannun yake lanƙwasuwa sama da ƙasa. Ta ce Yaya ta dunƙule hannu, ya ƙi. Ta ce ta taɓa kowane yatsa da babban yatsa, ya kai na farko da ƙyar ya tsaya. Ta ce ta juyo tafin sama kamar mai addu'a, ya tsaya a rabi. Ta sa ta rufe ido tana shafa mata auduga a kan yatsun tana tambaya ko ta ji. Har kafaɗar ta ɗaga, ita ma ta cije.

"Wa ya hana ki motsa yatsu kina cikin siminti?"

Inna Larai ta ce, "Hajiya, ai mun ce hutu ne maganinsa."

"Hutu ya ɗora ƙashi, hutu kuma ya daskarar da hannu. Kun so ta har kun kusa nakasa ta." Inna ta fara share hawaye. Hajiya ta juya wurin Yaya, ta sauke murya. "Ba zan ɓoye miki ba. Nan da 'yan watanni, inda hannun nan ya tsaya, nan zai zauna har abada. Mece ce sana'arki?"

"Kitso."

"To kitso za mu nema. Kafin ƙaramar Salla."

Ta tsoma hannun a narkakken kaki mai ɗumi irin na kyandir, ta naɗe shi da tawul, da ya yi laushi ta ɓare kakin ta fara tanƙwara shi a hankali. A nan ta faɗi maganar da ta zauna min a kai. Ta ce zafi iri biyu ne, akwai mai ja, akwai mai suka. Mai ja abokin tafiya ne, in an kai gare shi a tsaya a riƙe. Mai suka kuwa gargaɗi ne, a saki nan take. Ta ce zuwa asibiti kaɗai ba zai yi ba, sai an yi a gida safe da yamma, kuma sai da mai riƙe hannun, don mutum ba ya iya yi wa kansa muguntar da ta dace.

Inna Larai ce ta fara. Da Yaya ta ɗan yatsine fuska sai ta saki hannun ta ce, "Wayyo Yayata, Allah ya isa tsakaninmu da Barebari!" Haka makon ya wuce ba abin da ya ƙaru. Sai kaka ta yi, gero ya nuna a Dagumawa, dole ta koma. Ƙannena maza ne, suna makarantar kwana. Baba yana fita tun da sassafe. Saura ni.

Ranar farko na dafa ruwan ɗumi, na shimfiɗa tabarma a inuwa. Yaya ta zauna, ta miƙo hannun ta ɓangarena, fuskarta na kallon bango. A iya sanina, ranar na fara riƙe hannun mahaifiyata. Ya fi yadda nake zato sauƙi, kamar ɗan tsako. Na ga wani ƙaramin tabo a gindin babban yatsanta, na ga farcenta irin nawa ne sak. Na tanƙwara a hankali yadda aka koya min.

"Yaya, mai ja ne ko mai suka?"

Ta ƙara kawar da kai.

"Da zafi?"

"Ba komai," ta ce wa bango.

Na ji daɗi, na ɗauka sauƙi ne yake samuwa. Kullum sai in ƙara kaɗan, kullum amsar ɗaya ce. Kafin ranar komawa asibiti wuyan hannun ya kumbura ya yi zafi rau, ko ruwan alwala ba ta iya ɗiba da shi.

Hajiya Falmata ta juya hannun ta sake juyawa. "Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce ni ce.

"Ba ta ce miki yana sukarta ba?"

"Ta ce ba komai."

Ta dube ni, ta dubi Yaya da ta ƙura wa taga ido kamar akwai wani abin kallo a jikin darbejiya. Sai ta ce, "Wannan 'yar ta nawa ce a wurinki?" Yaya ta ci gaba da kallon taga. Na ce, "Ta fari."

Hajiya ta ɗora hannu a ka. "Fulani! Wato sai ki bari hannu ya tsinke da ki ce wa 'yar cikinki wayyo?"

Yaya ta ce, "Mu dai ba mu gaji rashin ta-ido ba."

Na ɗauka faɗa za ta yi mana, ko ta ce a ajiye al'ada a gefe. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta yi ɗan tunani, ta jawo wata 'yar tasa da cokalin shayinta daga kan tebur, ta ajiye su gefen hannun hagun Yaya.

"Na san ko da bulala ba za ki yi mata magana ba. To ga wannan. In kin ji mai ja, ki buga sau ɗaya, ta riƙe a nan. In kin ji mai suka, sau biyu, ta saki. Tasa ba 'yarki ba ce, ba kya jin kunyarta."

Sai da aka hutar da hannun, ana ɗora masa tsumma mai sanyi ana jingine shi a kan filo, har kumburin ya saɓe. Wajen mako biyu muka yi asara, a lokacin da kowace rana take da daraja. Amma daga nan tafiya ta miƙe.

Waɗannan watannin, in na tuna su, daɗi nake ji. Da safe rana na leƙowa ta kan katanga, tururi na tashi daga ruwan ɗumi, sai ka ji tasa ta ce ƙal. In tsaya, in riƙe, in yi salati a zuciya har hannun ya saki jiki. Baba in zai fita yakan ce, "An kaɗa ƙararrawa, 'yan makaranta sun shiga aji." Hajiya kuma ta mayar da duk aikin gida magani. Ta ce a zube wake a faifai Yaya ta tsince da hannun dama, ta riƙa matse tsumma a ruwan ɗumi, ta mulmula fura, ta koma jan carbi da wannan hannun, ta ci tuwonta da kanta ko da rabi zai zube. Na koyi naɗe hannayena ina kallo tana fama, kuma wannan ya fi tanƙwarar wuya.

Ba kullum ne daɗi ba. Akwai ranar da muka je ba wuta, kakin ya daskare a tukunyarsa, muka dawo haka. Akwai makon da ma'aikata suka yi yajin aiki muka tarar da ƙofa a garƙame bayan mun biya mota. Wahalar mai ta sa kuɗin mota ya yi ta hawa, har akuyar da ta jawo faɗuwar ta bi hanyar kasuwar Juma'a, kuma ban yi kewarta ba. Abin da ya fi ci wa Yaya rai shi ne masu zuwa dubiya cikin matan da take yi wa kitso. Sukan ja ɗankwali har goshi don kada ta ga sabon kitson wata. Ita kuwa makitsiya ce, daga tudun ɗankwalin take gane ko shuku ne ko kalaba. In sun tafi sai ta jawo faifan wake ba tare da an ce mata ba.

Babban yatsa ya kai na tsakiya, ya daɗe kafin ya kai na gaba, ƙaramin kuwa ya zama kamar ɗan'uwan da ke wata ƙasa. Wata rana bayan la'asar na hango ta ta ɗaga tafuka biyu tana addu'a, dukkansu suna kallon sama. Na koma ɗaki da baya don kada ta san na gani.

Azumi ya kama. Wata yamma na kawo ruwan ɗumi na tarar an tafi da tasar, an zuba kunu a ciki an kai maƙwabta. Na yunƙura zan nemo wata, sai na ga ta riga ta miƙo hannun. Na zauna, na fara tanƙwarawa, ga shi ba ni da abin da zai gaya min in tsaya. Da na kai wani wuri sai na ji hannunta na hagu ya sauka a kan gwiwata, ya matsa sau ɗaya. Na riƙe a nan. Ban ɗago kai ba, ita ma ba ta juyo ba. Daga ranar ba wanda ya sake neman tasa.

Ga wanda jinya irin wannan ta samu, abin da zan ce kaɗan ne. In ɗauri ya sa yatsu sun kumbura ko sun canja launi, kada a kwana ana shawara. In an sa siminti, a tambayi likita abin da ya halatta a motsa, a motsa shi tun daga farko. Kada ƙauna ta sa a ɗauke wa mai ciwo duk aikinsa. Kuma duk wanda zai riƙe hannun, a tabbata mai ciwon yana da hanyar ce masa ya isa, ko da ba da baki ba.

Ana saura kwanaki kaɗan Salla, Hajiya Falmata ta buɗe ma'auninta ta auna dama, ta auna hagu. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Ta sa Yaya ta matse mata yatsu, ta yi ƙara da gangan ta ce za ta kai ƙarar Fulani.

"Saura gwaji ɗaya. Kitso."

Yaya ta ce, "Kawo kan naki."

"Kan Babarbariya ba na koyo ba ne. Hannun da ya daɗe bai yi aiki ba, karkatacce zai fara yi. Kada ki ɓata sunanki a kan mai biya. Ki nemi kan da ba zai kai ƙara ba." Ta ɗan harare ni ta gefen ido. "Wannan kuma ba shawara ba ce, cikin magani yake."

Har muka haye gada idon Yaya na kan hanya. Na ce a raina za ta jira Inna Larai ta zo Salla.

Washegari da hantsi ina shara sai na ji muryarta daga inuwar ɗaki. "Wai babu mai tsefe kai a gidan nan ne? Rana tana yi."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na tsefe kan da sauri har ina tsinka gashi, na zo na zauna a tabarma tsakanin ƙafafunta, inda na ga ɗaruruwan mata sun zauna. Na ji sanyin kibiya ya ratsa tsakiyar kaina, na ji ƙamshin man shanu. Yatsun ba sa gudu kamar da. Suna tafiya, su yi rawa, su tsaya ta yarfa hannun, su ci gaba. Kurciya ce kaɗai take magana a kan katanga.

Da ta zo wajen ƙeya ta kama wani siririn gashi ta ja shi da ƙarfi, har idona ya kawo ruwa. Na cije leɓe, ban motsa ba. Sai na ji hannun ya tsaya. Ta yi gyaran murya, ta tambayi iskar da ke saman kaina:

"Mai ja ne ko mai suka?"

Na ɗora hannuna a kan gwiwarta, na matsa sau ɗaya.

Kitson ya fito a karkace, layi biyu ma sun haɗe a bayan kunne. Ranar jajiberi mata suka dawo layi a inuwar ɗakinta, kuma kafin sati ya zagayo yatsun sun tuna gudunsu. Inna Larai da ta zo yawon Salla ta ɗaga ɗankwalina ta kwashe da dariya. "Zulai, wace maƙiyiyar ce ta yi miki wannan? Zo in tsefe miki, a yi na kirki."

Na ja ɗankwalina na ɗaure. Sai da ya tsufa ya warware don kansa.

Allah ya saka wa Hajiya Falmata da alheri, ya ba duk masu ciwo lafiya, ya ba masu jinyarsu hannu mai sauƙi.